Sitiyarin Surukina

Surukina ya kawo mini motarsa ne don oda ta daina kuka. Abin da ya nema a gyara ke nan, kuma ba ni ya faɗa wa ba. Ya tsaya a bakin garejina a Abaji, ya fuskanci wani dattijo mai sayar da rake a gindin mangwaro, ya ce a gaya wa mai gareji oda ta mutu. Ina tsugune taku uku daga inda yake, na tuɓe takalma. Mai rake ya juyo ya maimaita mini yana danne dariya, ya ƙara da cewa in ina da amsa shi ne gidan waya.

Haka muke da shi tun da na auri 'yarsa ta fari. Shekara shida ban kalli ƙwayar idonsa ba, shi ma bai taɓa kama sunana ba. A Kumasi na ga suruki da mijin 'yarsa suna cin fufu a akushi ɗaya suna gardamar ƙwallo. A Ibadan na ga wanda ya kwanta rub da ciki ya gai da surukinsa, ya tashi ya faɗa masa duk abin da ke ransa. Mu kuwa kunya ce tsakaninmu, kuma a lokacin ina ganin tamu ta fi kyau.

Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Abuja a bakinmu garin nan ne na bayan Zuba da ake kira Suleja yanzu, kuma can surukina yake kai 'yan kasuwa da doya da manja ranakun kasuwa. Motar baƙa ce, ƙirar Ingila, mai dogon hanci. Ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida, ya shekara goma sha biyar yana tuƙa ta, ba ya yarda kowa ya zauna a kujerarsa.

Wayar oda ta cikin sandar sitiyari take bi, don haka sai da na cire sitiyarin. Kafin in cire na juya shi, sai na ji hannuna ya tafi fayau. Taƙi guda cur yake juyawa kafin tayoyi su san an yi magana. Mu bakanikai wasa muke ce wa wannan. Bafaranshen da ya koya mini aiki a Fort Lamy ta ƙasar Chadi ba ya yarda da wasan da ya wuce faɗin yatsa biyu. In ya samu, sifana yake jifan ka da ita.

Wayar ta tsinke ne kawai, aikin rabin sa'a. Amma na riga na gani, kuma ina ji da kaina a wancan lokaci. Na zare sandar gaba ɗaya na shimfiɗa ta a kan buhu. Bushin sama, zoben da ke riƙe sandar, ya cinye, an cusa tsinken fata a gurbinsa don kada ya yi ƙara. Boris na ƙasa, 'yan ƙwallayen ƙarfen da sandar ke juyawa a kansu, saura ƙwaya biyar, su ma sun daina zama kewayayyu. Akwatin da ke juya tayoyi cike yake da jar ƙasa da ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar tuwo. Na wanke komai da kananzir. Wani maƙeri Bagbagyi a bayan kasuwa ya zuba mini sabon bushi na tagulla, na zauna da magagari ina ci ina gwadawa har ya shiga daidai. Boris na ciro daga wata matacciyar mota. Na yanka gwangwanin madara siriri-siriri na cike ratar akwatin, ina ƙarawa ina ragewa. Kwana uku na yi. Da na gama, in ka hura wa sitiyarin iska sai ka ce tayoyi za su motsa.

Akwai abin da na gani a jikin da'irar sitiyarin ban tsaya na karanta ba. Baƙin fentinta ya goge a wuri biyu, kowane tsawon taƙi guda, ya yi santsi kamar ƙotar fartanya. Nan tafinsa yake zamewa kullum yana cinye wasan kafin kwana ta iso. Mutumin ya san ciwon motarsa sarai. Hannunsa ya girma a kansa.

Na yi niyyar gaya masa. Ranar da ya zo ɗauka mai rake ya tafi jana'iza, ba kowa sai ni da shi. Na kwana ina shirya maganar, ina jin harsuna biyar, amma duk ta inda na ɗauko ta sai ta fito da ma'ana ɗaya: Baba, shekara goma sha biyar kana tuƙa lalatacciyar mota, ni na gyara maka. Ya shiga, ya danna oda, ta yi kuka har awaki suka watse. Ya dubi bishiyar mangwaro ya ce, “Odar ce kaɗai aka taɓa?”

Na ce, “An ɗan share nan da can, Baba.”

Ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya tada mota.

A kwanar farko, wajen masu tuyar ƙosai, na ga bayan motar ya fizga. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, injin yana aiki. Ina hango ƙeyarsa ta gilashin baya, bai waiwayo ba. Tsakaninmu bai fi jifa biyu ba, kuma ƙafafuna lafiya lau suke. Shi ma giyar baya tana hannunsa. Amma in ya dawo, ya nuna wa mijin 'yarsa a bainar jama'a cewa ya yi shisshigi ke nan. Can sai motar ta ja a hankali ta wuce.

Abin da ya faru washegari wata mai sayar da doya da ke zaune a gaba ce ta ba ni labari. Ta ce tun daga Abaji yake tafiya sannu, hannu biyu a kan sitiyari, har fasinja suna tsokanarsa ko amarya ya ɗauko. Sun wuce Gwagwalada lafiya. Gab da Tungan Maje garken shanun Fulani yana gefen hanya, sai wani maraƙi ya faɗo. Ta ce ta ga hannunsa ya wurga sitiyarin kamar yadda ya saba, da faɗi. Motar ta bi shi nan take. Suka daki bakin kwalbati. Maraƙin ko ƙwarzane bai yi ba, fasinja suka tsira da targaɗe da ƙujewa. Shi kuwa sandar sitiyarin ce ta same shi a ƙirji.

Bai kai kwana arba'in ba ya rasu. Duk wanda ya je dubiya sai ya ce masa tsufa ne, ido ya fara yaudararsa, da ma lokacin ajiye tuƙi ya yi. Direbobin tasha suka karɓa haka, sai dai wani babba a cikinsu da ya je ya ga motar inda aka jawo ta, ina tsaye a wurin, ya juya sitiyarin sau ɗaya, ya dube ni, ya tafi.

Na je sau da yawa, ina tsugunawa a bakin ƙofa in gaishe shi daga waje. A zuwan ƙarshe numfashinsa yana fita da ƙyar. Matata tana ciki tana masa fifita, ga 'yan'uwa cike da ɗaki. Na buɗe baki, na rantse da Allah na buɗe, sai ya riga ni. Ya juya ga ƙaninsa ya ce, “A gaya wa mai gareji aikinsa ya yi kyau. Tun da na sayi motar nan ba ta taɓa yi mini biyayya irin ta ranar ba.”

Ƙanin ya juyo ya maimaita mini. Na ce na gode.

A hanyarmu ta komawa gida matata tana kuka tana murmushi. Ta ce shekara shida tana jiran ranar da mahaifinta zai yabe ni a gaban mutane. Ta riƙe maganar nan kamar gado. Ta faɗa wa 'ya'yanmu, ta faɗa wa jikoki, kalma bayan kalma, har da yadda ya tsaya ya ja numfashi a tsakiya. Shekara talatin da wani abu ina zaune a gefe ina sauraro. In ta kai ƙarshe takan juyo ta ce, “Ko ba haka ya ce ba, Malam?” Ni kuma in ce haka ya ce.