Hannuwan Mai Guga

"Ke, dubi hannun nan don Allah. Wai wannan ne hannun Shaiɗan?"

"Ni ma abin da na ce ke nan. Ko farce babu. Kamar zai miƙo miki jariri."

"Jikata har ɗaga masa hannu take yi."

"Ai an gama magana. Ran Litinin za a shafe shi, a zana mai ƙaho."

Mata biyu ne ke sharar coci ran Asabar da hantsi. Ba su lura da tsohon da ke bencin ƙarshe ba, hularsa a kan gwiwa. Baba Mai Fenti ke nan, shi ya zana hoton bangon da suke magana a kai.

Shekara talatin da biyar ya yi yana zana allunan shaguna, na aski, na ɗinki, na facin taya. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya zana abin da ba ya gabansa. Ko kaza za a sa a allo, sai an kawo ta an ɗaure masa. Da Fasto ya ba shi bangon nan ya zana ranar da Shaiɗan ya jarabci Yesu a jeji, ya ce masa ya mai da dutse burodi, sai Baba ya yi jejin da ya sani: filin bayan tasha, ledoji maƙale a ƙaya. Wani direba da ya tashi daga jinya, duk ya rame, ya zauna aka zana Yesu. Shaiɗan kuwa, duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce a kai kasuwa. Dole Baba ya kau da fuskar Shaiɗan a zanen, ya sa masa farar riga mai karin guga. Saura hannuwan da za su miƙa dutsen.

Matarsa, da unguwa ke kira Mai Guga, ta gaji da jin tsakinsa.

"Maigida, kawo dutsen nan in riƙe maka."

"Ke? Shaiɗan ne fa."

"Kullum cewa kake na hana ka sakat. To yau ga ranata ta zo."

Kwana huɗu tana tsaye a tsakar gida da dutse a tafuka biyu, tana mitar kayan mutane na jiran guga. Ta riƙe shi yadda take miƙa masa kwanon abinci. Ya ce ta ɗan lanƙwashe yatsun, su yi kama da na mugu.

"In da mugun hannu yake zuwa, wa zai karɓa?" in ji ta. "Yi aikinka, kafaɗata ta sage."

Haka ya zana su, har da tabon ƙunar da guga ta bar mata a gindin babban yatsa. Suka bar zancen tsakaninsu, kada yara su riƙa yi mata waƙa a hanya.

Bara ta rasu. Ba ta son hoto, ko na aurensu babu. Shi da ya zana fuskar rabin unguwa bai taɓa zana tata ba, kullum sai gobe. Bayan an kai ta ya gwada sau bakwai, amma ba ta gabansa, hannunsa ya ƙi. Tun daga nan kowace Asabar yake zuwa bencin nan, mutane suna yaba yawan addu'arsa.

Fasto ya shigo ɗauke da bokitin farin fenti, ya ajiye a gindin bango. Da ya hangi tsohon sai ya hau sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri. Dattawa ne suka yanke. Sun ce ya cika kyau, ba ya tsoratar da kowa."

Baba ya dafa benci ya miƙe. In ya yi shiru, Litinin an shafe ta. In ya faɗa, har abada matarsa ce Shaiɗan a bakin mutane. Ya taka a hankali har gaban bangon, ya ɗora yatsa a kan tabon. Matan suka tsaya da shara.

"Fasto, na matata ne. Ba ni da wani hotonta sai wannan. Ku sa masa ƙaho, ku sa masa wutsiya, ni da kaina zan dama muku fentin. Amma daga wuyan hannu zuwa yatsu, don Allah ku bar mini."