Rigunan Kawu Roba

A ɗakin atisaye na asibitinmu akwai wani mutum-mutumi da muke kira Kawu Roba. Duk ranar Laraba sai a ce mota ta kaɗe shi, mu ma'aikatan sashen gaggawa mu rufu a kansa, likita na duba agogo. Aikin farko shi ne a sa almakashi a farke rigarsa, a ga inda jini ke zuba.

Inna Tela ce ke ɗinka masa rigunan. Dattijuwa ce mai ɗinkin zannuwan gado a wani lungu bayan ɗakin wanki, shekara ashirin tana taka keke ɗaya. Ba ta da yawan magana, amma kai mata labule da datti ka ji yadda bakinta yake.

Abin haushin, ba tsumma take ba Kawu ba. Yadi ne mai kyau, da aljihu, da maɓallai a jere, ta goge ta kawo a ninke kamar na ango. Ranar da na fara riƙe almakashin, hannuna ya ƙi. Na tsaya ina ɓalle maɓalli ɗaya bayan ɗaya.

"Daƙiƙa arba'in, Sista," in ji likita. "Kawunki ya riga mu gidan gaskiya."

Aka yi ta mini dariya. Ana tashi na nufi lungunta a fusace.

"Inna, don Allah ki riƙa ba shi tsumma. Wa zai iya keta wannan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanda ya yi haɗari da tsumma yake zuwa, 'yar nan?"

Ta tsayar da keken, ta ce a wannan sashen namu aka kawo maigidanta, ƙarfe ya soke shi a wurin aiki. Yana sanye da sabuwar riga, ɗinkin hannunta.

"Nas ta ɗauko almakashi, ni na riƙe mata hannu. Na ce kar ki yanka, jiya na gama ta. Baiwar Allah ta ji maganata. Kafin su zare rigar su ga ramin da ke ƙasan haƙarƙarinsa, jini ya riga ya ƙare."

Kunya ta rufe ni, tausayinta ya kama ni. Ita kuwa ta lashi bakin zare tana neman kafar allura.

"Likita ya ce ko an yanka ba lallai ya tashi ba. Ni dai ban sani ba. Rigar tana nan a akwatina, ko maɓalli ɗaya bai cire ba."