Bencin da Ban Gwada a Rana Ba

Da za a ce in warware aiki ɗaya cikin duk kafintancin da na yi a Makera, bencinan maƙwabciyata zan warware. 'Yar Binuwai ce, tana sayar da sakwara a bakin titi, kuma kowace damina sai ruwa ya ruɓar mata da abin zama.

Wata rana ta ce, "Baba Kafinta, yi mini bencin da ba ya shan ruwa mana. Ko in kai wa yaran kafintocin Kakuri aikin?"

Maganar ta sosa ni. Na narka kyandir a tsohuwar tukunya, na zuba kananzir da man goge katako. Wani abokina da ya taɓa aikin rini a masaƙa ya ba ni wani gari a gwangwani, ya ce tunda yana kama zare, katako ma zai kama. Ko sunan garin ban tambaya ba, na juye shi ciki.

Na yi mata sababbin bencina na shafe su da haɗin, a cikin rumfata na gwada. Na kwara bokiti, ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a ganyen gwaza. Makaniken da ke gefena ya ce, "Oga, ashe injiniya ne kai, kake ɓoye mana!" Na yi ta kwara ruwa ina kiran mutane kallo. Rana kam ban gwada da ita ba, haka na kai mata bencinan.

Ran Lahadi matan zumuntar cocinsu, manyan masu sayen abincinta, suka zo cikin fararen zannuwa. Suna ci, rana ta take. Inda ba a zauna ba katakon ya fara komawa shunayya, har suna sha'awa. Ashe kyandir ɗin ma ya saki. Da suka miƙe, kowace da shatin benci a bayanta.

Shugabarsu ta waiga ta ce, "Madam, abinci muka zo ci ko rini?"

Makaniken ya shige ƙarƙashin mota yana dariya. Maƙwabciyata ba ta yi dariya ba.

Na kwashe bencinan na kankare su, na bi matan gida-gida da sabulu da ban haƙuri. Sun ce ba komai, amma suka koma cin abinci wani wuri, maƙwabciyata kuma ba ta taɓa goranta mini ba.

Roƙona gare ku, kada ku zuba wa katakon mutane abin da ba ku san sunansa ba. In kun haɗa, ku ajiye a rana, ku fara zama a kai da farar rigarku.