Madubin Aurena a Bakin Rijiya

A shekarun farin nan da gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba, rijiyar bayan gidanmu ta ƙafe. Ƙauyenmu yana tsakanin Tsanyawa da Ɗambatta, gona jingine da gona, gida na jin tarin gida. Amma a ranin nan sai gidaje suka yi ta zama kango. Kowace kasuwa sai ka ji an ce su wane sun hau mota sun yi Kano.

Manyan da suka rage a gidanmu su ne ni, da maigidana, Allah ya jiƙansa, da wansa da muke kira Yaya, da mahaifiyarsu Inna, wadda ƙafa ta riga ta ƙi ta. Yaya ya tura iyalinsa birni tun da wuri. Ya ce zai tsaya ya ja wa ƙanensa igiya su ƙara wa rijiyar zurfi, amma in kasuwar Ɗambatta ta zagayo ba a ga ruwa ba, zai ɗauki Inna ya tafi, mu ma mu tattara mu bi shi. Malam, haka nake kiran maigidana, ba ya son barin gonar mahaifinsa. Ko maganar aka yi sai ya tashi ya bar wurin. To amma mutum ɗaya ba ya haƙa rijiya.

Abin da ya fi damunsu duhu ne. Da suka zura aci-balbal, hayaƙi ya cika ramin, Malam ya fito yana tari idonsa jawur. Rana kuwa ba ta leƙa can ƙasa sai ta tsaya a tsakiya, ta ɗan jima kaɗan ta wuce, kamar mai gaisuwar sauri.

Sai Malam ya shiga ɗakina ya ciro madubin aurena daga bango, mai jan katako a gefe, wanda gwaggota ta saya mini. Inna tana zaune a inuwar rumbu ta gan shi.

"Kai, ina za ka da madubi waje? Ba ka san yana jawo tsawa ba?"

"To Inna, ya jawo mana. Ai tsawa ba ta zuwa ita kaɗai, da ruwa take tafe."

"Allah ya shirye ka," in ji ta, amma na ga tana danne dariya da bakin zane.

Ni aka ba wa aikin riƙewa. Na durƙusa a bakin rijiya, na ɗan juya wa Yaya baya saboda kunya, na tari rana da madubin na karkata shi. Da farko hasken ya tafi kan kuka, ya koma idon akuya, ya faɗo a fuskar Yaya har ya saki igiya ya ce, "Ke, ni ba rijiya ba ne!" A hankali na gane kan madubin. Yadda haske ya zo wa madubi a karkace, haka yake barinsa a karkace ta ɗaya gefen, ba ya yin kwana a hanya. In na motsa hannuna kamar faɗin farce, can ƙasa sai ya yi tsalle ya bar Malam gaba ɗaya. Kuma rana ba ta tsaya wa kowa. Da hantsi ina fuskantar gabas, bayan azahar sai na zagaya ɗaya gefen, ina bin ta kamar mai kiwo.

Muryar Malam takan taso kamar daga cikin tulu.

"Amarya, ƙasa kaɗan. A'a, kin kai mini shi ƙeya. Ƙeyata ba ta haƙa!"

'Ya'yana uku a lokacin, amma bai daina kirana amarya ba. Wata rana da ya fito shan ɗan kunun dusar da muke da shi, ya ce mini hasken nan da ɗuminsa yake sauka, in ya taɓa shi a gadon baya sai ya ji kamar tafin hannuna ne. Na sunkuyar da kai, don Yaya yana wurin. Yanzu da nake faɗa hawaye ne ke zuba, a bar ni in share. Ban taɓa gaya wa kowa wannan maganar ba sai yau da ba shi.

Bokiti ya yi ta fitowa da jar marmara, sai yumɓu, sai farin yashi busasshe. Busasshiyar ƙasa shanye haske take yi. Duk abin da na tura can yake zama, ba abin da ke dawowa.

Jajiberin kasuwa, wajen la'asar, wani gajimare ya taso ya rufe rana. Irin na shekarun nan ne, fari fat, ba ɗigo a cikinsa. Madubin ya mutu a hannuna, ramin ya koma baƙi ƙirin. Yaya ya leƙa.

"Fito haka nan. Mun yi iya namu, Allah bai nufa ba."

"Yaya, ƙafata tana jin sanyi."

"Gajiya ce. Kama igiya."

"Wallahi sanyi nake ji. Amarya, kina nan?"

Na ce ina nan. Duk ƙasar nan addu'ar hadari ake yi, ni kaɗai na ɗaga kai ina roƙon Allah ya kawar da wannan. Hannuwana sun yi tsami, na ƙi saukewa, don kada rana ta fito ta same ni ban shirya ba. Ina jin bugun dagi a cikin duhu, yana haƙa da lalube.

Da gefen gajimaren ya yage, na tura hasken. Sai wani abu ya dawo ya soki idona. Can ƙasa, tsakanin ƙafafun Malam, wani ɗan wuri kamar faifai yana ƙyalli. Ya motsa ƙafa, zobba suka tashi a kansa suna faɗi ɗaya bayan ɗaya, hasken ya watsu a jikin bangon rijiyar yana rawa har kusa da bakinta. Na ƙanƙame madubin don kada hasken ya gusa. Yaya ne ya yi kabbara, Inna ta taso da rarrafe tana tambayar ko faɗuwa Malam ya yi.

Ruwan farko jajir ne, rabin ƙwarya. Muka bar shi ya kwanta, aka fara ba wa Inna.

Washegari Yaya ya hau mota ya tafi wurin iyalinsa shi kaɗai. Inna ta ce ba inda za ta. Mu ma muka zauna, muka ci wuyar da ta rage a gidanmu, har daminar da Malam ya sake shuka gonar mahaifinsa. A gefenta aka binne shi.