Sanatar da Hula Ta Zaɓa

Ƙarfe shida na safe Lorna Brekke take buɗe ofishinta na lauya, wanda ke manne da shagon abincin dabbobi a garinmu Alder Fork. Ta ɗora kofi, ta tuɓe takalmi, ta duƙufa kan takardun manoma masu rigimar ruwa da iyakar gona. Da sanyi ya kama sai ta rufe ofis wata uku, ta tuƙa tsohuwar motarta awa huɗu zuwa majalisar jiha, inda take sanatar gundumarmu. Shekara ashirin da takwas tana haka, amma da ka fita gundumarmu ka ambaci sunanta sai a ce wace ce kuma.

Ba wanda ya haddace wannan tsari kamar Orval Kimsey, ɗaya lauyan garin, don tagarsa tana kallon tata. Shi ya kara da ita a zaɓenta na farko. Aka yi kunnen doki, aka sake ƙirga sau uku ba ta canja zani ba, sai aka jefa sunayensu a hula, hannun magatakarda ya fito da Lorna. Orval bai warke ba har yau. Ga shi da ta aje kujerar, za ta kuma rufe ofis, shi al'ada ta ɗora wa jawabin ban kwana, gari kuwa ya zuba ido ya ga ko bakinsa zai iya yabonta.

Hassada yake mata, mai hana shi jin daɗin abinci. Duk zaɓe sai ya kafa allon abokin hamayyarta a ƙofar gidansa, ko wane ne. In sun haɗu wurin karin kumallo sai ya ce, "An tashi lafiya, Sanatar Hula?"

"Lafiya lau, Lauya. Ka rage leƙe na, wuyanka zai ƙage."

Abin da ya fi cin ransa shi ne tana aikin da kyau. Merle Dunkel, mai kiwon shanu, yana zauren majalisa ranar da ta zaƙulo layi ɗaya cikin ƙudiri mai shafi ɗari biyu, layin da zai bai wa wani kamfani damar tare rafinmu daga sama. Jarida ta yabi shugaban kwamiti. Orval ya kai mata jaridar da kansa yana murna, ta ce ai hoton mutumin ya yi kyau, ta ci gaba da aikinta. Ya koma ofis kamar zai fashe.

Sannan shekara shida ta yi tana fama kafin aka yarje wa ma'aikatan jinya duba marasa lafiya a ƙauyukan da ba likita. Da ciwon zuciya ya kayar da Verna, matar Orval, irin wannan ma'aikaciya ce ta ceto ta. Ya gode wa Allah, ya gode wa ma'aikaciyar, ya tsallake Lorna.

Ke ce, Lorna, mai karanta abin da wasu ke sa wa hannu ido rufe. Ke ce kike amsa wayar wanda ya zage ki jiya. Uwar rafi, ba ki taɓa neman a sa sunanki ko a jikin gada ba.

Asabar ɗin nan aka taru a zauren coci, kowa da kwanon abincinsa. Orval ya miƙe, Verna na hararar sa. Ya daɗe yana murza takarda kafin ya ce, "Kujerar nan tawa ce, har gobe haka nake ji. Duk abin da matar nan ta yi, na kwana ina cewa da ni ne. To amma da ni ne, da ban iya ba." Sai ya ƙara da cewa, "Akwai abin da ko Verna ba ta sani ba. Zaɓe huɗu na ƙarshe, ita na jefa wa ƙuri'a."

Lorna ta aje cokalinta.

"Orval, rumfar zaɓenku fa mutum goma sha ɗaya ne. Sau huɗu ina cinye ƙuri'u sha ɗayan duka."

"Kina nufin kin sani?"

"Shekara goma sha shida. Na ga kana jin daɗin allonka ne, na ƙyale ka."

Aka bushe da dariya, ban da shi. Ya zauna yana huci, ya ce wa Verna, "Kin gani ko? Har a rufin asiri sai da ta fi ni."

Mun gode, Lorna, da rafi, da masu jinya, da mutuncin tsohon nan da kika riƙe masa bai sani ba. Ku masu shirin neman kujerarta, ku koyi karanta takarda har shafin ƙarshe, ku koyi yin shiru a kan abin da zai kunyata maƙwabci. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Orval kuwa sai dai mu taya shi addu'a, don daga Litinin ba shi da wanda zai leƙa.