Kifin da Hedimasta Ya Kawo

A asibiti aka raɗa masa suna Killace, sunan kuwa ya biyo shi har gida ya zauna daram. Duk shekarunsa na aiki a ɗaki ɗaya ya yi su, can bayan ɗakin tiyata, inda ake dafa almakashi da wuƙaƙe kafin su taɓa jikin mutum. Wanda ya tsufa a wannan aiki ba ya sake yarda da komai. Sabon cokali in ya shigo gidansa sai ya sha tafasa. Matarsa takan ce da da hali, ita ma da sai ya jiƙa ta a ruwan zafi kafin ya bar ta ta shiga ɗaki.

Da ya yi ritaya kowa ya zaci kaji zai kiwata, kamar sauran masu hankali. Sai ga shi ya girke ƙaton tankin gilashi a falo, inda ya kamata a ce talabijin ce. Ruwan ma ba na kowa ba, na gishiri, kuma ba gishirin miya ba, wani ne na musamman da yake damawa a baho yana aunawa yana ɗaure fuska. Ya jera duwatsu a ciki, ya sa katantanwa masu lashe gilashi da jatan lande, sannan kifayen teku masu launi, waɗanda ko a yunwa ba za su cika cokali ba.

Abar sonsa ita ce Sista, wata rawaya mai faɗi kamar tafin hannu. Ya sa mata sunan ne don yadda take zagaya tankin kowace safiya tana leƙa lungu-lungu, sai ka ce babbar ma'aikaciyar jinya mai neman wanda bai gyara gado ba. Ita ce kifinsa na farko, ta fi jikokinsa biyu shekaru. Yana sonta ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa. In ya matso da fuskarsa sai ta taho, su yi ta kallon juna kamar tsofaffin abokan aiki.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma ba ta da ƙane: sabon kifi ba ya shiga falo. Sai ya fara zama a ƙaramin tanki cikin sito, tsakanin buhun gishiri da tsofaffin akwatuna, makonni ana duba shi, in ba a ga cuta ba sannan a ba shi izini. Da wannan doka Killace ya yi shekaru ko tari ba a yi a tankinsa ba.

Mutum ɗaya ne dokar ba ta iya kallo ido cikin ido, wato surukinsa, mahaifin matarsa. Tsohon hedimasta ne, dogo, mai sanda, wanda har yau in ya yi gyaran murya manyan mutane kan duba ko maɓallin rigarsu a rufe yake. Tun da Killace ya auri 'yarsa bai taɓa ce masa komai ba sai "To, Baba." In Hedimasta ya ce shayi ya yi sanyi, to, Baba. In ya ce wannan shayin dai ya yi zafi, to, Baba. Game da kifi kuwa ra'ayin tsohon bai taɓa canzawa ba.

"Kai yaro," yakan ce wa mai furfurar nan, "mutum ya ciyar da abin da ba ya ƙwai, ba ya nono, ba a yanka shi? Ko gadi ba ya yi."

"To, Baba."

Shi ya sa ranar da Hedimasta ya shigo riƙe da leda cike da ruwa, wani ɗan kifi shuɗi yana wutsil-wutsil a ciki, Killace ya ji hawaye na neman zubo masa. Tsohon ya gani ne a wani shago a hanya, ya ce ya tuna da shi. Shekara da shekaru ana gori, yau ga kyauta. Yana cikin godiya bai ankara ba, sai ya ga Hedimasta ya jingine sanda, ya ɗaga murfin tanki, yana kwance bakin leda da haƙori.

Kalmar tana nan a maƙogwaronsa. Ƙarama ce, yaron goye ma ya iya ta. Ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi silin. Kifi da ruwan shago suka faɗa cikin tanki, tsulum.

"Ka ga yadda ya ƙawata wurin?"

"To, Baba," in ji Killace, murya kamar ta wanda aka taka wa yatsa a cikin taro.

Ba a daɗe ba abin ya bayyana. Shuɗin ne ya fara, fararen ɗigo-ɗigo a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri. Sai ga sauran suna goga jiki da duwatsu. Ran da ya ga Sista ta fasa zagaye, ta maƙale a kusurwa tana numfashi sama-sama da ɗigo har a ido, ya zauna a ƙasa dirshan, abincin rana ma bai ci ba.

Ya san cutar, ya kuma san makircinta. Wani ɗan ƙwaro ne da ke shiga fatar kifi ya ci ya ƙoshi, sannan ya sauka ya ɓuya cikin yashi da duwatsu ya hayayyafa, ya dawo da dangi. Maganinsa na jan ƙarfe ne, amma in aka zuba a babban tanki katantanwa da jatan lande ne za su fara sheƙawa. Saboda haka dole a kwashe kifaye duka zuwa sito a yi musu magani a can, a bar na falo babu kifi ko ɗaya sama da wata biyu, har ƙwaron ya rasa abin ci ya mutu.

Kamun kifayen kansa yaƙi ne. Sai da aka fitar da duwatsu a bokitai, falo ya koma fadama, matarsa tana tsaye kan kujera riƙe da tocila tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da aka gama aka mayar da duwatsun. Sito ya zama asibiti sosai: tanki fayau ba yashi, sai guntayen bututun roba don marasa lafiya su samu wurin ɓuya. Killace ya koma bakin aiki. Yana auna magani da sirinji, yana gwada ruwa safe da yamma, domin in ya yi kaɗan ƙwaro ya yi dariya, in ya yi yawa kifi ya tafi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya: Hedimasta ya kamu da son kifinsa. Duk ƙarshen mako sai ya zo dubiya. Zuwan farko aka ce masa kifayen suna bayan duwatsu suna hutawa, ya tsaya ya daɗe yana ƙwanƙwasa gilashi da sanda. Zuwa na biyu matar ta gaji da ƙarya.

"Baba, suna sito. Ba su da lafiya."

Tsohon ya shiga sito, Killace na biye da shi kamar ɗalibin da aka kama da wasiƙa. An yi rashin sa'a, ko kuwa sa'a, a ranar ɗigon duk sun ɓace. Sista tana iyo garau, har ta soma leƙa bututu.

"Wane rashin lafiya? Ga su nan sumul! Ka tsare bayin Allah a kurkuku, ko dutse babu, ga gidansu can a buɗe. Miƙo min abin kamun nan."

Bai jira a miƙo ba, ya ɗauki 'yar komar da kansa. Killace ya san abin da tsohon bai sani ba: ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce, kuma yashin falo cike yake da ƙwari masu jiran nama. In Sista ta koma yau, da wannan raunin, ba za ta ga ƙarshen wata ba. Komar ta nutsa, ta bi rawayar, ta tare ta a kusurwa.

Killace sai ganin hannunsa ya yi a kan wuyan hannun Hedimasta, ya riƙe gam.

"A'a, Baba."

Matarsa a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Killace kuwa, tunda an riga an jiƙe, sai ya ƙarasa wankan. Ya faɗi komai: ƙwaron, yashin, wata biyun, har da cewa shuɗin ne ya shigo da cutar, kuma da an bi ta sito tun farko da ba a kai nan ba.

Hedimasta ya dubi hannun da ke riƙe da shi, ya ɗago ya dubi mai hannun.

"Ka san haka ran da na zuba shi?"

"Na sani, Baba."

"Ka tsaya kana kallona kamar turmi?"

"Baba, ina ni ina hana ka?"

Tsohon ya saki komar a hankali, Sista ta sulale cikin bututu.

"Tun ran da ka zo gidana nake jiran in ji ka musa min abu ɗaya, in san wa na ba 'yata. Na ce shayi da sanyi, na ce da zafi, duk a banza. Ashe sai an taɓa kifi." Ya ja wani tsohon akwati ya zauna, ya ɗora haɓa kan sanda. "To sakar min hannu, ai na ji. Ka nuna min yadda ake auna maganin nan, tunda nawa ne ya jawo."

Killace ya saki hannun. Ya ɗauko sirinji, matarsa ta zo ta riƙe masa kwalbar maganin.