Lilon Wilf da gida na hamsin

Wilfred Ackroyd mai walda ne, kuma duk wanda ya tashi a garinmu cikin shekara arba'in ɗin nan ya goge wandonsa a kan lilon da ya ƙera. Shekarar da aka rufe ramin kwal aka sallami ma'aikata, wasu suka tare a mashaya, shi kuwa ya kwaso ragowar bututun ƙarfe a baro ya kai filin bayan coci. Lilo huɗu ya kafa, da abin sulu guda mai ƙona cinya in rana ta fito, wadda dai ba kullum take fitowa ba. Duk shekara in sanyi ya wuce sai ya bi su da koren fenti. Matarsa Enid takan ce da ita ce lilon nan, da ta ga gata.

Mutumin kirki ne, sai dai girman kai, kuma shi ya ja masa.

Wani kamfani ya sayi gonar da ke gefen gari zai gina gida sittin. Mai gina unguwa kuwa dole ya ajiye wa mutanen da ya tarar wani abu, sai kansiloli suka ce a yi wa yara sabon wurin wasa a inda lilon Wilf yake. Aka taru a zauren coci, ana ta shayi da biskit. Wakilin kamfanin ya baje hotuna: ƙasa mai laushin roba, jirgin ruwa na katako da igiyoyin hawa. Ya karanta takarda, ya ce kuɗin za su fito ran da aka tare a gida na hamsin. Enid ta ji wannan. Wilf hoto yake kallo.

"Baba, aikinka ya yi kyau a zamaninsa," in ji wakilin. "In lokaci ya yi, mutanenmu za su zo su tumɓuke."

"Mutanenku?" Wilf ya ce. "Waɗanda ba su san kan guduma da gindinta ba? Ni na kafa, ni zan cire."

Aka yi dariya, har da tafi. Tafin nan ne ya ƙarasa shi. Ba wanda ya ce masa ya cire a makon, amma ranar Asabar sai ga shi yana fito da injin yankan ƙarfe daga rumfa.

"Kai tsohon nan, kunnenka na ado ne?" Enid ta tare ƙofa. "Hamsin suka ce. Ko harsashi ba su haƙa ba."

"So kike in tsaya ina kallo wani ɗan bana-bakwai ya sa musu katafila?"

"So nake ka zauna ka ci abinci."

"Ke dai ɗora shayi, ina zuwa."

Kwana biyu ya yi, ya kwantar da su duka, yanka mai tsabta daidai da ƙasa don kada yaro ya yi tuntuɓe. Mai sayen gwangwan ya zo ya kwashe.

Kamfani ya gina gida arba'in da takwas, ya ce kasuwa ta faɗi, ya zagaye sauran gonar da waya. Aka yi ta rubuta wasiƙu. Lauyan ƙaramar hukuma ya ce ba su karya alkawari ba, tun da ba a kai hamsin ba.

Wilf ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya tafi wurin shugabar kansiloli, Misis Holroyd, wadda shi ya taɓa tura ta a lilon tana 'yar shekara biyar. Ya ce yana da bututu, a ba shi mako uku ya sake kafa lilon.

"Kawu Wilf, ba zai yiwu ba," ta ce. "Na da mun tarar da shi ne, muka kau da kai. Sabo kuwa sai da shaidar masu dubawa, in ba haka ba inshora ba za ta karɓa ba."

"Shekara arba'in, wa ya karye?"

"Ni. Hannun hagu. Amma ban faɗa wa kowa a ina ba."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa ya fito.

Yau shekara shida ke nan. Yaran tsohon gari da na sabuwar unguwa a wurin ajiye motocin kanti suke buga ƙwallo, mai kanti yana korarsu. Wilf yana nan da ransa, amma in zai sayo jarida sai ya zagaya ta bayan gidan mai, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, don kada ya bi ta filin. Enid ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Takan dai sa takalmi ta bi shi ta doguwar hanyar.